Nasiha Ga Matasan Da Za Su Tsaya Inda Likita Bai Kai Ba

Duk shekara idan jami'o'i suka fitar da sunayen ɗaliban da suka ɗauka, akan bar samari da 'yan mata masu yawa waɗanda suka ƙwallafa rai a kan karatun likita amma gurbi bai kai kansu ba. Wani ya sake zaman JAMB, wani ya haƙura ya koma wani fannin, wani kuma iyayensa su kai shi makarantar koyon aikin lafiya ta jiharsu, ya shiga yana ganin an rage masa daraja. Da ku nake, ƙannena, musamman 'yan wannan kashi na ƙarshe. Aikin da ake shirya ku dominsa yana da tarihi, yana da ƙa'ida, kuma akwai garuruwan da bayan Allah ba su da abin dogaro sai wanda ya koye shi. Ina so ku san inda ya samo asali da inda ya yi tuntuɓe, don ku shige shi kuna sane.

Mu fara daga Amurka, inda aka fi tsara aikin mataimakin likita a wannan zamani. A farkon shekarun 1960 likitocin ƙasar sun tattare a manyan birane, kowa na neman ƙwarewa a fanni guda, wannan zuciya, wancan ƙashi, wancan ido. Su kuwa ƙananan garuruwa, tsofaffin likitocinsu suna ritaya ko suna rasuwa, babu mai maye gurbinsu. A 1965 gwamnati ta kawo tsarin Medicare da Medicaid, wanda ya ba tsofaffi da talakawa damar ganin likita, sai layin marasa lafiya ya ƙara tsawo. A shekarar ce Dokta Eugene Stead na Jami'ar Duke da ke jihar Karolina ta Arewa ya buɗe wani sabon aji. Ya ga yadda aka horar da likitoci cikin gaggawa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma suka yi aiki, don haka ya tabbata akwai ɓangare mai yawa na aikin likita da za a iya koya wa mutum mai hankali cikin shekara biyu. Ya ɗauki mutum huɗu da suka yi aikin jinya a rundunar sojan ruwa. Uku daga cikinsu suka kammala ranar 6 ga Oktoba, 1967, kuma har yau masu wannan sana'a a Amurka suna tunawa da ranar.

Stead bai ƙago abin daga iska ba. A Garland, wani ƙaramin gari a jihar, akwai likita mai suna Amos Johnson wanda tun 1940 ya ɗauki wani saurayi baƙar fata, Henry Lee Treadwell, yana koya masa aiki da hannu: ɗinkin rauni, ɗaurin karaya, gwajin jini. Idan Johnson ya yi tafiya Treadwell ke riƙe asibitin, idan kuma ciwo ya fi ƙarfin ƙauye shi ke rako mara lafiya har Duke. Dalilin da ya sa aka yarda da shi a fili yake. Abin da aka koya masa ya iya shi sosai, abin da ya wuce saninsa kuma yakan kai shi gaba. Ku riƙe waɗannan abubuwa biyu, don duk nasihata a kansu take.

A 1969 wani likita baƙar fata, Dokta Richard Smith, wanda ya taɓa aiki a Najeriya a farkon shekarun 1960 ƙarƙashin shirin Peace Corps, ya kafa shirin MEDEX a Jami'ar Washinton da ke Siyatul. Yawancin ɗalibansa na farko tsofaffin ma'aikatan jinya ne na soja, a lokacin da ake dawowa daga yaƙin Biyetnam. Dabararsa ta fi ta kowa jan hankalina. Kafin ɗalibi ya yi nisa, sai an samo likitan karkara da aiki ya yi wa yawa, wanda ya yarda zai koyar da shi kuma ya ɗauke shi aiki in ya gama. Ɗalibin zai yi 'yan watanni a aji, sannan ya tare wajen wannan likita kusan shekara guda. Kafin ya karɓi takardarsa ya san hanyoyin garin, ya san cututtukansu, mutanen garin sun san shi. Wato an fara da tambayar inda ake da bukata, sannan aka gina karatun a kan amsar.

Gwamnati ma ta sa hannu. A 1970 aka yi dokar da ta haifar da wata hukuma mai tura ma'aikatan lafiya yankunan da aka tantance suna fama da ƙarancinsu. Tana biya wa ɗalibi kuɗin karatu ko ta rage masa bashin karatun, shi kuma ya biya da aikin aƙalla shekara biyu a irin waɗannan wurare. A 1977 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar asibitocin karkara, wadda ta buɗe hanyar biyan kuɗin aikin da mataimakin likita ko babbar nas suka yi a ƙauye.

To, ga inda aka yi tuntuɓe. Yau karatun ya koma na digiri na biyu, yana ɗaukar fiye da shekara biyu bayan digirin farko, makarantun da ke bayar da shi sun haura 300, kuma sai an ci jarrabawar ƙasa kafin a ba da lasisi. Duk wannan ci gaba ne. Amma karatun ya yi tsada, ɗalibi yana fitowa da bashi a wuya, albashin sashen tiyata da na gaggawa da na cututtukan fata kuma ya fi na ƙaramin asibitin ƙauye. Sana'ar da aka kafa don kiwon lafiya a matakin farko, yau kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai na masu ita ke wannan aiki. Horar da mutum abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da zaunar da shi inda ake bukatarsa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2010, ta ce a riƙa ɗauko ɗalibai daga karkara, a kai makarantu kusa da karkara, a kuma sa su yi koyon aiki a can, domin an lura ɗan ƙauye ya fi ɗan birni komawa ƙauye ya zauna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Afirka ba a baya take ba a wannan harka. Bayan samun 'yanci a 1975, Mozambik ta wayi gari yawancin likitocinta sun bi Turawan Fotugal sun tafi. Daga 1984 ta fara horar da mataimakan likita su yi tiyata, har da fiɗar ciro jariri. Da aka bi sawunsu daga baya, an tarar su ke yin mafi yawan manyan tiyatar haihuwa a asibitocin gundumomi, kuma bayan shekara bakwai kusan tara cikin goma suna nan inda aka tura su, alhali likitocin da aka tura tare da su sun bar wuraren. A Gana, makarantar Kintampo ta fara horar da ma'aikatan lafiyar karkara tun 1969, kuma yau hukumar da ke kula da likitoci ita ke ba mataimakan likita lasisi. A Nijar, gwamnatin Tandja Mamadou ta gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka a farkon shekarun 2000, aka zuba musu ma'aikatan lafiya na karkara.

A Najeriya sunan ya bambanta, amma gurbin ɗaya ne. Tun tsakiyar shekarun 1970 aka fara buɗe makarantun koyon aikin lafiya a jihohi. Taron Alma-Ata na 1978 ya sa duniya ta amince cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne tushe, sannan Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya ɗora tsarin a kan ƙananan hukumomi. Daga nan muka sami matakan ma'aikatan lafiyar al'umma: JCHEW mai karatun shekara biyu, da CHEW mai shekara uku, da CHO wanda ake ƙara horarwa a asibitocin koyarwa irin na Zariya da Kano. A 2014 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar miƙa wasu ayyukan likita da na ungozoma ga waɗannan ma'aikata bayan ƙarin horo. A asibitin sha-ka-tafi na yawancin ƙauyukanmu, su ne farko, sau da yawa su ne ƙarshe.

Yanzu bari in juyo kanku.

Kafin ka biya ko sisi, ka bincika makarantar. Akwai hukumar da ke yi wa masu aikin lafiyar al'umma rajista, ita ke tantance makarantu, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe, ita ke ba da lasisi. Makarantu masu zaman kansu sun yi yawa, wasu na ƙwarai, wasu kuwa gida ne aka kama haya aka kafa allo. Ka tambaya ko hukumar ta amince da kwas ɗin da za ka yi, ba makarantar kawai ba. Ka tambayi asibitin da ɗalibai ke zuwa koyon aiki, ka je ka gani da idonka. Shekara uku da kuɗin gonar mahaifinka ba abin da za a jefa a rijiya ba ne.

In ka shiga, kada ka yi karatun cin jarrabawa. Abin da zai cece ka a ƙauye shi ne abin da hannunka da idonka suka saba da shi. Ka ɗauka dare ya yi, babu wuta, uwa ta shigo da yaro ɗan wata goma, jikinsa zafi, yana tari. Wanda bai koyi aiki ba zai ce zazzaɓin cizon sauro ne, ya soka allura, ya karɓi kuɗi. Wanda ya koya zai sa uwar ta ɗage rigar yaron, ya jira ya natsu, ya haska ƙirjinsa da tocilan, ya dubi agogo ya ƙirga numfashinsa na minti guda cur. Ya san cewa a wannan shekaru numfashi 50 ko fiye alamar ciwon huhu ce, daga shekara ɗaya zuwa biyar kuma 40. Zai duba ko ƙasan ƙirjin na lotsawa ciki idan yaron ya ja iska. Zai huda yatsan yaron ya yi gwajin zazzaɓin, ya jira mintocin da aka ƙayyade, ba zai yi hasashe ba. Zai naɗa awon damtse, in ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, ya san akwai tamowa mai tsanani a ƙarƙashin ciwon. Sannan zai tambayi uwar: yana kama nono? Yana amayar da duk abin da ya sha? Ya yi jijjiga? Mummunar amsa ɗaya a cikin waɗannan ta isa ta nuna masa cewa yaron ba na wannan ɗaki ba ne. Zai ba da maganin farko, ya rubuta takardar turawa, ya tashi mai mota. Duk kayan aikin nan ba su cika aljihu ba, amma sai wanda ya maimaita su sau ɗari a gaban malami yake iya su cikin dare. Don haka lokacin koyon aiki kada ka tsaya bayan layi kana latsa waya. Ka matsa kusa, ka roƙi a bar ka ka gwada, ka jure faɗan tsohuwar nas, domin ita ke riƙe da abin da babu a littafi.

Daga nan sai sanin iyaka, wanda shi ne ya fi wuya, don yana faɗa da son rai. A ƙauye duk wanda ya sa farar riga ana kiransa likita, kuma daɗin sunan yana shiga kai. Mutane za su matsa maka: "Likita, ka yi mana a nan, ba mu da kuɗin mota." Akwai littafin ƙa'idojin aiki da aka ba ka, wanda ya faɗi abin da za ka yi a kowane hali da inda za ka tsaya. Ba don a ƙasƙantar da kai aka rubuta shi ba. Kariya ce ga mara lafiya, kariya ce gare ka. Mai ciki ta zo ƙafafunta sun kumbura, kanta na sarawa, idonta na ganin dishi-dishi, awon jininta ya kai 160 bisa 110. Aikinka shi ne ka ba ta allurar farko ta maganin jijjiga kamar yadda aka koya maka, ka kwantar da ita ta gefen hagu, ka tura ta babban asibiti nan take, tare da rubutaccen bayanin abin da ka ba ta da ƙarfe nawa. Idan ka riƙe ta har gari ya waye don kada a ce ka kasa, girman kanka ne zai kashe ta. Ko a Ingila, mai ɗimbin likitoci, sai da ce-ce-ku-ce ya kai ga gwamnati ta sa aka yi bincike, wanda a 2025 ya ba da shawarar a fayyace iyakar aikin mataimakan likita, a kuma tabbatar mara lafiya ya san wanda ke duba shi. In haka ne inda likita ke ɗaki na gaba, ina ga inda yake nesa da kilomita hamsin? Tun ranar da ka kama aiki ka nemi lambar wayar likitan babban asibitin da ke kusa, ka san direbobin tasha masu yarda su fita da dare, ka san hanyar da ke yankewa da damina.

Ka kiyayi abin da ya lalata da yawa daga cikin waɗanda suka riga ka: mayar da asibitin gwamnati ƙofar kemis ɗinka. Mutanenmu sun ɗauka in ba a yi allura ko ƙarin ruwa ba, ba a yi magani ba, kuma a nan ribar take. Yaro mai gudawa wanda ke iya sha, ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zink yake bukata, ba ledar ruwa uku ba. Mura ba ta bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma rabon da ake yi musu barkatai shi ke sa su daina aiki ranar da ake tsananin bukatarsu. Wanda kuma ya kai ga fiɗe mutum a ɗakin haya ba tare da horo ba, ya bar aikin lafiya ya shiga laifi. Talaka ya sayar da akuyarsa ya kawo maka kuɗin ne saboda ya yarda da kai. Wannan amana ce, kuma za a tambaye ka.

Kada kuma ka zauna cikin ɗaki kana jiran ciwo ya zo. An tsara aikinka ne yadda kaso mai yawa na lokacinka zai ƙare a cikin gari. Ka gai da mai gari, ka zauna da liman, ka girmama ungozomar gargajiya, domin ita ake fara kira kafin kai, kuma in ta yarda da kai ita za ta riƙa turo maka masu naƙuda da wuri. Ka san gidan da aka ƙi rigakafi, ka koma ba da faɗa ba. Ka san rijiyar da ke kusa da masai. Ƙyanda da sanƙarau da amai da gudawa ba sa shigowa da sallama. Wanda ke zagaya unguwa shi ke fara jin ƙishin-ƙishin ɗinsu ya kai rahoto kafin su bazu.

Ke kuma ƙanwata, maganarki daban ce. A garuruwanmu da yawa mace za ta gwammace ta haihu a gida da ta bari namiji ya duba ta, mijinta ma haka. Duk inda aka sami ma'aikaciya mace da ke kwana a garin, awon ciki yakan ƙaru. Kada ki bari a ce miki karatun nan na wadda ta rasa abin yi ne. Iyaye da mazaje kuma su sani, wanda ya hana 'yarsa ko matarsa wannan aiki bai da bakin kuka ranar da ya kai tasa asibiti ya tarar maza ne kaɗai.

Ba zan ɓoye muku wahalar ba. Akwai inda albashi ke makara, akwai masu shekara da shekaru suna aikin sa-kai ba a ɗauke su ba, akwai asibitin da babu ruwa, babu wuta, babu ɗakin kwanan ma'aikaci, akwai kuma yankunan da rashin tsaro ya kori kowa. Ba na cewa ku rungumi talauci da sunan lada, ba na kuma cewa ku kai kanku ga halaka. Ku nemi haƙƙinku ta ƙungiyarku, ku rubuta abin da asibiti ya rasa ku kai inda ya dace, ku sa kwamitin ci gaban mazaɓa ya tsaya muku. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya na tushe. Ku san wannan, ku tambayi rabon asibitinku. Amma wanda ya karɓi takardar aiki a ƙauye, ya koma birni yana zuwa ranar kasuwa kawai ya sa hannu, ya ci haƙƙin mutanen da aka rubuta sunansa dominsu.

Ƙofar ci gaba ba a rufe take ba. JCHEW yana zama CHEW, CHEW yana zama CHO, akwai digirin lafiyar al'umma, wanda kuma har yanzu zuciyarsa ke kan likitanci yana iya sake nema, kuma zai shiga da sanin da abokan karatunsa ba su da shi. Sai dai in kun ƙaro ilimi ku tuna da abin da ya faru a Amurka, inda ƙarin takarda ya zama tikitin barin ƙauye. Ku ƙaro, ku dawo da shi.

Ƙannena, in kun zaɓi wannan hanya, ku koyi aikin har ya zauna a hannunku, ku tsaya inda aka tura ku, abin da ya fi ƙarfinku ku tura shi gaba da wuri ba tare da jin kunya ba. Allah Ya yi muku jagora, Ya sa hannuwanku su zama sanadin waraka ga al'ummarku.